Kuɗin Hannun Mai Gyaran Famfo: Abin da Muka Hana a Fili, a Kuɗin Kaya Muke Biyansa

Cinikin gyaran banɗaki a Anguwan Rogo, ko Anguwan Rimi, ko Gangare, a garin Jos, kusan hanya ɗaya yake bi. Mai gyaran famfo zai shiga ya duba, ya murɗa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya fito ya yanke kuɗi dunƙule guda: kaya da aiki, kaza. Maigida ya dafe ƙirji ya ce, “Haba Malam, don ɗaura kan famfo biyu da sauya masai?” Daga nan sai ja-in-ja, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har a tsaya a kan adadin da babu ɗayansu da zai iya faɗin yadda aka kai gare shi. Maigida ya koma cikin gida yana zargin an yanke shi, mai gyara ya nufi kasuwa yana lissafin inda zai fanshe abin da aka zaftare masa. Bayan wata uku bango ya fara tsattsafo, fenti ya kumbura, sai a ce ai dama masu gyaran famfo ba su da amana. Ni a ganina, rashin amanar da ake kuka da shi ɗa ne na irin wannan ciniki. Muddin muna ƙin biyan kuɗin hannu a fili gwargwadon darajarsa, to za mu biya shi a ɓoye cikin kuɗin kaya, kuma biyan ɓoye ya fi tsada, don yana tafe da kayan jabu da aikin shafe-shafe. Ba a iya auna ko ladan aiki ya yi daidai sai an fara raba shi da kuɗin kaya, an ajiye kowanne a gefensa.

Yadda kuɗin hannu ke ɓuya cikin kaya ba ɓoyayyen abu ba ne ga duk wanda ya san kasuwa. Akwai la'adar da mai shago ke ajiye wa mai gyaran da ya kawo masa ciniki, kuma a kan farashin da maigida zai biya ake ɗora ta. Akwai rasit ɗin da ake rubutawa da adadin da ya wuce wanda aka biya. Akwai kuma wanda ya fi duka illa, wato a karɓi kuɗin kan famfo na tagulla mai nauyi a sayo mai kama da shi, wanda aka yi da ƙarfe mara ƙwari aka shafe shi da ƙyalli, ko a karɓi kuɗin bututu mai kauri a binne siriri cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Ba ina wanke mai yin haka ba ne, ha'inci sunansa ha'inci. Amma wanda aka ce ya yi aikin yini guda da yaronsa a kan kuɗin da ba zai kai shi gida da cefane ba, hanya uku ce a gabansa: ya bar aikin, ya yi shi a kan asara, ko ya nemo ragowar haƙƙinsa ta bayan fage. Masu tsoron Allah da ƙwarewa sukan bar aikin su koma wurin manyan 'yan kwangila ko gidajen masu hali na unguwar Rayfield. Waɗanda suka rage wa mai ja-in-ja su ne waɗanda suka iya hanya ta uku. Ashe maigidan da ke murnar ya karya farashi shi da kansa ya tace masu gyara ya zaɓi wanda zai cuce shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dalilin da ya sa kuɗin hannu ke shan wannan wulaƙanci shi ne kaya ana ganinsu, aiki kuwa ba a riƙe shi a hannu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Yawancin kawunan famfo da shawa da masai daga waje ake shigo da su, musamman daga Sin, don haka idan mai shago ya ce “dala ce ta tashi,” kowa sai ya haɗiye ya biya. Mai gyara ba shi da dalar da zai kafa hujja da ita, alhali shi ma a kasuwa ɗaya yake sayen masara da mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekara. Duk da haka a kan mutane da yawa, kuɗin ɗaura kan famfo yana nan inda suka bar shi tun kafin a cire tallafin mai. Idan kasafin gyara ya ƙi isa, ba a iya rage wa masai farashi, sai a rage wa mai ɗora shi.

Wasu suna ganin sun sami mafita a tsarin kaso, wato a lissafa kuɗin kaya a ba mai aiki wani yanki nasa, kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu. A babban gini, inda ake shimfiɗa bututu tun daga tushe, wannan na iya zama ƙiyasi na kusa, don yawan kaya yakan tafi tare da yawan aiki. A gyaran banɗakin da ake ciki ana amfani da shi kuwa, tsarin ba shi da kan gado. Mu ɗauka akwai kan famfo na naira 4,000 da wani na naira 40,000, dukansu na rabin inci. Sifana ɗaya za a sa, zaren tef ɗaya za a naɗa, minti ashirin ɗaya za a ɓata. Me zai sa ladan ɗaya ya ninka na ɗayan sau goma? A juya kuma: gwiwar bututu da kuɗinta bai wuce 'yan ɗaruruwa ba ta tsage a cikin bango, bayan tayil, sai an yini ana fasa ana nema kafin a kai gare ta. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wannan gwiwa ko abincin rana ba zai saya wa yaro ba. Mafi muni, tsarin kaso yana koya wa mai gyara cewa cin abincinsa yana cikin tsadar kaya. Wanda ladansa ke ƙaruwa idan kaya sun yi tsada ba zai taɓa ce maka robar cikin tankin masai kawai za a sauya ba, zai ce duk tankin ya mutu.

To da me za a auna? Da abin da ke bayan bango, da lokacin da zai ci, da haɗarin da mai aikin ya ɗauka a wuyansa. Kalmar “sauyawa” ita ce ke yaudarar mutane, domin tana sa a ɗauka kwance tsoho ne a ɗaura sabo, kamar sauya ƙwan lantarki. A gidajen da aka gina shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, waɗanda suke da yawa a tsofaffin unguwannin Jos ta Arewa, bututun ƙarfe ne a cikin bango, kuma tsatsa ta riga ta cinye zarensa. Da an sa ƙarfi a kwance kan famfo sai bakin bututun ya karye a ciki, aikin minti ashirin ya koma na guduma da fasa siminti. Masai na zama iri biyu ne ta fuskar fitar ƙazanta, akwai mai fitarwa ta baya cikin bango, akwai mai fitarwa ta ƙasa, kuma tazarar bakin bututun daga bango ba ɗaya ba ce a kowane samfuri. Idan sabon ya dace da mazaunin tsohon, aikin 'yan sa'o'i ne. Idan bai dace ba, ko ana so a mai da masai na tsuguno ya koma na zama don wani tsoho mai ciwon gwiwa, to sai an fasa daɓe, an gyara bututu mai inci huɗu, an ba shi gangaren da ƙazanta za ta wuce zuwa sokawe ba tare da ta tsaya ba, an jira siminti ya kama. A baki duka biyun “sauya masai” ne. Wanda ya tambayi maƙwabcinsa nawa ya biya, ba tare da ya tambayi wane iri aka yi masa ba, bai samo ma'auni ba, jita-jita ya samo.

Jos tana da nata ƙarin da ba kowane gari ke da shi ba. Gari ne da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu ya sa hita a banɗaki ba kayan ƙawa ba ce ga mai hali. Ɗaura hita kuwa haɗa ruwa ne da lantarki a ɗaki mai jiƙaƙƙen daɓe. Tana bukatar bututun da ke jure zafi, irin wanda ake narka bakinsa da na'ura a haɗa, na'urar kuma tana bukatar wuta, idan babu ta sai an kunna janareta. Tana bukatar bawul ɗin da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa, da wayar ƙasa da za ta hana wuta kama mai wanka. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan don a rage masa wahala da ran mutum yake wasa. Sannan ga batun ruwan kansa. Duk da madatsun Lamingo da na Yakubu Gowon da ke Shen, ruwan Hukumar Ruwa ta Jihar Filato ba abin dogaro ba ne kullum a unguwanni irin Anguwan Rogo, gidaje da yawa rijiya ce da burtsatse da 'yan garuwa, masu hali su ɗora tanki a sama. Tankin da bai wuce mita uku a kan rufi ba ba zai tura ruwa da ƙarfi a shawar da aka ƙera don gidajen Turai ba, kuma ruwan rijiya mai yashi yakan toshe irin waɗannan kawuna da wuri. Mai gyaran da ya dubi tankinka ya ce kada ka sayi waccan shawa mai tsada, ga wadda za ta yi maka aiki, ya cece ka daga asarar da ta ninka ladansa, alhali bai ɗaga sifana ba tukuna. Wannan sanin shi ne mafi tsada a cikin abin da yake sayarwa, kuma shi ne cinikinmu ba ya sa wa farashi ko kaɗan.

Akwai ƙasan da bai kamata lada ya faɗa ƙarƙashinsa ba, kuma lissafinsa ba wuya. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Dokar ba ta hau kan mai sana'ar kansa ba, amma tana nuna abin da ƙasa ta yarda shi ne ƙarshen ƙanƙanta ga ma'aikacin da bai koyi komai ba. A raba 70,000 a kwana 26 na aiki, za a sami kusan naira 2,700 a yini. Sai dai ma'aikacin ofis ana biyansa ko an yi aiki ko ba a yi ba, mai gyaran famfo kuwa ranar da ba a kira shi ba babu ko sisi. Mu ɗauka yana samun aiki kwana 15 a wata, to kafin ya kamo albashin masinja sai kowane yinin aiki ya bar masa kusan naira 4,700, bayan an cire kuɗin keke zuwa da dawowa, da abincin yaronsa da ɗan abin da zai sallame shi, da kuɗin kayan aikin da ke lalacewa, da man janareta. Duk wannan kafin a sa ko kwabo a kan shekarun da ya yi yana koyo a ƙarƙashin maigidansa. Ba ina cewa wannan ne farashin ba, domin farashi yana motsi kuma ayyuka sun bambanta. Ina cewa duk wanda ya tsare ƙwararre da yaronsa tun hantsi har la'asar, ya miƙa masa abin da bai kai wannan ba yana cewa “a yi haƙuri da wannan,” ya san ko dai ya ci haƙƙinsa, ko kuma an riga an cire ragowar daga kuɗin kayan da ya bayar da safe.

Abu na ƙarshe a cikin ma'aunin shi ne lamuni. Gyaran famfo ya bambanta da ɗinki ko aski, don aibinsa ba ya fitowa ranar da aka gama. Haɗin da ba a sa masa isasshen gam ba zai iya yin makonni yana ɗiga cikin bango kafin a gani, kuma a unguwa mai cunkoso inda katangar wani ita ce bangon ɗakin wani, ruwan ba a gidanka kaɗai zai tsaya ba. Mai gyaran da ya ce idan ya ɗiga cikin wata uku zai dawo ya gyara ba tare da an ƙara masa komai ba, ya ɗauki nauyin da wanda zai kashe waya bai ɗauka ba, kuma daidai ne ladansa ya fi. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid, ya shardanta a ijara cewa lada ya zama sananne, aikin ko wa'adinsa ya zama sananne, kuma mazhabar ta shahara da ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka tafi da su. Wanda ya yi aiki a gidan mai kaya ma, idan sakacinsa ne ya jawo ɓarna, ba ya kuɓuta. Haka nan wanda aka aika ya sayo kaya wakili ne, rangwamen da ya samu na wanda ya aike shi ne sai in an yafe masa. A duba cinikin “kaya da aiki, kaza” da wannan ido: ladan ba a san shi ba, iyakar aikin ba a faɗe ta ba, wakilci da ƙodago sun cakuɗe. Maigida da mai gyara, waɗanda wataƙila sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, dukansu sun shiga abin da malaminsu ba zai sa masa albarka ba.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, mutanen Anguwan Rogo ba masu kuɗi ba ne. Ɗan kasuwa ne ƙarami, da direban keke, da malamin makaranta, da mai haya wanda ma ba gidansa ba ne. Wanda ke fama da kuɗin makarantar yara, yaya za a ce masa ya ƙara wa mai gyaran famfo? Amsata ita ce ban ce ya ƙara abin da ke fita daga aljihunsa ba. Na ce ya san inda kuɗin ke tafiya. A cinikin dunƙule yana biyan ladan nan ko ya so ko bai so ba, sai dai yana biya ta hanyar da ke bar masa kan famfon da zai mutu kafin damina. Talaka ne ma ya fi bukatar aikin da ba za a sake ba, don mai kuɗi idan ya ɗiga sai ya sake kira. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato fiye da lita 11,000. A ma'aunin ɗan garuwa, jarka mai lita 25 fiye da ɗaya ke nan kullum, kusan jarka 450 a shekara. Wanda ke sayen ruwa ko ke ƙona mai don cika tanki sai ya lissafa da kansa. Wannan na ruwa mai tsabta ne. Idan bututun ƙazanta ne ke tsiyaya kusa da rijiya, a inda tazarar rijiya da sokawe ba ta wuce 'yan taku ba, maganar ta bar aljihu. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya bisa alƙaluman waɗanda ake zargin sun kamu, Filato na ciki, kuma Jos ta Arewa na cikin inda ta fi tsanani a jihar. Idan kuɗi bai isa ba, abin da ya dace a rage shi ne yawan aikin: a gyara masai bana, shawa ta jira. Rage ladan mai aiki alhali ana son aikin duka shi ne arahar da ba ta ado.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Za a ce wanda ya saba cin la'ada ba zai daina don an ƙara masa kuɗin hannu ba, zai haɗa biyun ne ya ci. Haka ne, idan aka ƙara lada aka bar kuɗin kaya a duhu. Shi ya sa rabawar take da fuska biyu. Mai gyara ya rubuta jerin kayan da ake bukata, da girmansu da adadinsu, ko a bayan kwalin sigari ne, ko a saƙon WhatsApp. Maigida ya tambayi farashi a shago biyu ko uku, ko su tafi tare, don shi mai gyara ne ya san nauyin tagulla a hannu ya kuma san bututun da zai fashe. Amma a tuna zuwa kasuwa aiki ne. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002 'yan kasuwa suka watsu, kuma wani kayan sai an ratsa gari zuwa Building Materials a hanyar Bukuru kafin a same shi. Wanda ya ɓata rabin yininsa yana zaɓar maka kaya, ka biya shi wannan rabin yini da sunansa, shi ne halastacciyar la'adarsa. Kafin alƙalami kada ya wuce wani yanki na lada, ragowar sai an buɗe ruwa an ga babu ɗigo. Tsofaffin kayan da aka cire na mai gida ne, a nuna masa su. Wannan ba zai mai da mugu nagari ba, amma zai toshe masa ƙofa, kuma zai ba mai gaskiya damar ya faɗi ladansa ba tare da an kwatanta shi da na wanda ke cin riba biyu ba. Sai dai maigidan da ya ce shi zai sayo kaya da kansa, ya je ya kwaso mafi araha, ya sani lamunin wannan kaya ya koma kansa. Ba a ɗora wa mai ɗaurawa laifin abin da bai zaɓa ba.

Masu gyaran su ma suna da tasu hujjar ta son dunƙule. Sukan ce ba a san abin da ke cikin bango ba sai an fasa, idan suka yanke lada tun farko aikin ya zo ya ninka, maigida ba zai ƙara ba, zai ce ai mun gama magana. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa suke cusa rarar tsaro cikin kuɗin kaya. Maganinsa yana cikin al'adarmu ta aiki tun ta gona: akwai jinga, akwai aikin yini. Abin da ake gani a fili, kamar kan famfo, da abin wanke hannu, da masan da ya dace da mazauninsa, a yi jinga a kansa. Abin da ke ɓoye, a yi maganarsa kafin a ɗaga guduma: idan bututu ya karye a ciki, fasawa da gyara kaza ne a yini, kuma ba za a ci gaba ba sai maigida ya gani da idonsa. A kuma faɗi wanda zai mai da tayil da filasta, don rigima da yawa a nan take tashi, mai famfo ya ce shi ba birkila ba ne, maigida ya ce shi banɗaki ya ba da ba kango ba. Kuɗin dubawa ma ya kamata mu saba da shi. Muna biyan kuɗin kati kafin mu ga likita, amma muna kiran masu gyara uku su zo su duba su ba da shawara, mu sallame su da “za mu neme ka.” Wanda ya san zuwansa kyauta ne dole ya gano babban aiki ko da babu.

Saura masu cewa a huta da duk wannan, ƙungiyar masu sana'a ko ƙaramar hukuma ta fitar da jadawalin farashi kowa ya bi. Ba na goyon bayan jadawalin dole. A ƙasar da farashi ke sauyawa cikin watanni, takardar za ta tsufa kafin tawadarta ta bushe, kuma ba za ta iya bambanta bango mai tsatsa da sabo ba. Ƙungiyar da ta sami ikon tilasta farashi kuma takan koma kare 'ya'yanta daga masu gidaje. Abin da malaman fiƙihu ke komawa gare shi idan ciniki ya ɓaci ya fi dacewa, wato ladan da ake ba irin wannan mai aiki a kan irin wannan aiki a wannan gari. Matsalar Jos ita ce sanin wannan lada ya yi wuya fiye da da. Rikice-rikicen Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010 sun raba mazaunin gari, kowa ya koma cikin nasa, har ya zama akwai unguwannin da mai sana'a ke ɗari-ɗarin shiga da jakar kayan aikinsa. Kasuwar mai gyara ta ƙuntata, zaɓin maigida ma ya ƙuntata, sai aka koma ɗaukar ɗan uwa da ɗan maƙwabci, inda kunya ke hana yanke lada tun farko, a ce “ba komai, yi kawai,” sannan a ƙare da gaba. Cikin dangi ne ma rubuta lada ya fi zama dole.

Abin da hukuma za ta iya yi ba sa farashi ba ne, taimaka wa mutane ne su gane wa ya iya. Abin mamaki, hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikata na ƙasa, ITF, wanda aka kafa a 1971, a Jos take, a hanyar Miango, kuma ga kwalejin fasaha ta gwamnati a Bukuru. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku da mai koyon hannu zai iya zaunawa ko bai yi boko mai zurfi ba. Amma mafi yawan masu gyaran da ke shiga gidajen Anguwan Rogo a bayan wani maigida suka koya, ba su da wata takarda, kuma babu maigidan da ke tambayarta. Takarda ba ta ɗaura famfo, kuma akwai tsofaffin hannu da suka fi mai takarda nesa ba kusa ba. Amfaninta shi ne tana ba wanda ya ƙware hujjar cewa ladansa ya fi na yaron da ya yi wata shida yana riƙe wa wani sifana ya buɗe nasa. Idan masu shirya irin wannan horo suka sauko da gwajin cikin unguwa, ta hannun masu unguwanni da shugabannin masu sana'a, suka kuma haɗa da koyar da yadda ake rubuta ƙiyasi mai layi biyu, kaya a sama aiki a ƙasa, za su rage rigimar da ke kaiwa gaban mai unguwa fiye da yadda kowane jadawalin farashi zai rage. Daga hanyar Miango zuwa Anguwan Rogo tafiyar ƙasa da awa guda ce a keke.